Amsa ga mai neman kai sharhi ƙarshen babi da XSLT

Ka tambaye ni wane umarni ne ke ɗauke sharhin da ke tsakiyar nassi, wanda aka sa cikin alamar note, ya kai shi ƙarshen babi. Babu irin wannan umarni. XSLT harshe ne na sauya fasalin fayil ɗin XML, wato nassin da aka tsara da alamomi, kuma tun fitowarsa a 1999 har zuwa sigarsa ta uku a 2017, ba ya taɓa fayil ɗin asali. Karanta shi yake yi, ya gina wani sabo. Saboda haka aikin kashi biyu ne: ka hana sharhin fitowa inda yake, ka bar alamar ptr, mai nuni zuwa gare shi, a gurbinsa, sannan ka kira shi a ƙarshen div, wato alamar da ta ƙunshi babin, da apply-templates, umarnin da ke bi da alama ta ƙa'idodin da ka rubuta, a ƙarƙashin wani mode, wato rukunin ƙa'idodi, na daban. Yadda ake kwafe sauran nassin ba tare da canji ba, da yadda ake shelanta namespace na TEI, tsarin alamomin da ake rubuta irin waɗannan littattafai da shi, ba zan tsaya a kansu ba, domin wanda bai iya su ba bai cancanci a damƙa masa littafin mutane ba.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, sharhi yana cin gadon abubuwa daga alamomin da suka kewaye shi, kuma da zarar ka fitar da shi, gadon ya yanke. Wannan ne ya jawo mini asarar da har yau take ci mini rai.

Wani mai ɗab'i ya kawo mini tsohon littafi da aka tsara da TEI, cike da nassoshin Larabci, kuma sharhohi da yawa suna cikin waɗannan nassoshi. Sifar xml:lang, mai faɗin harshen nassi, tana kan alamar quote da ta ƙunshi nassin Larabcin, ba a kan note ba, domin mai tsarawa ya san na ciki yana gadon harshen na waje. Na rubuta ƙa'idar da ke hawa sama ta nemo magabaci mafi kusa mai wannan sifa, ta manna wa kowane sharhi harshensa kafin ya bar gurbinsa. Na kuma lura akwai sharhi a cikin sharhi, na ware wa na ciki tasa ƙa'idar. Lambar shaidar kowane sharhi kuwa, wato xml:id, ban bar wa generate-id mai ƙirƙiro ta da kansa ba, tunda ba a yi alkawarin zai ba da lamba ɗaya a kowane gudu ba, wato duk lokacin da aka gudanar da XSLT ɗin. Na gina ta da xsl:number, daga lambar babi da ta sharhi, da wasu haruffa nawa a gaba. Aka biya ni rabi, aka ce sauran sai an buga.

Sai suka ba wani yaronsu fayil ɗin XSLT da na rubuta, irin yaran yanzu da ke auna gwaninta da gajartar layuka. Ya ga ƙa'idodina sun yi masa tsawo, ya share su, ya sa copy-of guda ɗaya. Shi copy-of ba ya bin wata ƙa'ida, yana ɗaukar alama da duk abin da ke cikinta yadda ya same su. Sharhohin Larabci suka isa ƙarshen babi babu harshe, na'urar tsara shafi ta ɗauke su da harshen babin, ta ba su rubutun da ba nasu ba, alamomin tsayawa suka koma ɗaya gefen. Sharhin ciki kuma ya fito sau biyu, a cikin uwarsa da kuma shi kaɗai, da xml:id iri ɗaya. Mai ɗab'in ya aiko mini da shafukan yana cewa aikina ne ya lalace. Na nuna masa layin da aka canza, ya ce shi bai san layi ba, shafi ya sani, ya riƙe kuɗina. Da littafin ya fito a intanet na buɗe shi, na tarar da kowane sharhi daidai, kowace lambar shaida da haruffana a gabanta. Sun koma ga fayil ɗina na farko ke nan, ba tare da ko sallama ba, kuma har yau rabin nan bai zo ba.

Kai kuma, idan babinka yana da div a cikin div, ka tsai da wanda zai karɓi sharhin, in ba haka ba kowane mataki zai kira shi ya maimaita. Kada ka sa strip-space a kan sakin layi, domin zai cinye tazarar da ke tsakanin alamomi biyu, kalmomi su manne da juna. Ka ƙirga note kafin gudu da bayansa, ka gwada sakamakon da tsarin TEI, sannan ka kawo mini in duba, amma kada ka kawo shi da copy-of a ciki.