Babana, ga amsar tambayarka a kan sunan jaririya

Babana,

Saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, sai da na sa ƙanwarka ta ƙara mini girman rubutun wayar kafin na yarda da idona. Ka ce likitocin birnin Galwe na ƙasar Ailan sun duba sun ce mace ce, saura wata biyu, kuma maiɗakinka tana son a sa wa yarinyar suna irin na mutanensu na Ailan. Ka jero guda uku, Caoimhe da Saoirse da Sadhbh, kana tambaya ko al'adarmu ta yarda, kuma ko dangi za su iya faɗa. Na yi dariya har da ƙwalla, don na ƙarshen nan na ƙirga harufa shida, wasali ɗaya tak. Da dariyar ta wuce kuma sai barci ya ƙi zuwa.

Bari in fara da abin da ya tsaya mini a rai. Mu ba mu san a raɗa wa ciki suna ba. Ranar da aka haife ka, mahaifinka ya yi maka huɗuba a kunne, ya riƙe sunan a bakinsa kwana bakwai, ko ni ƙanwarsa ban ji ba sai da liman ya faɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya shigo da shi cikin gida. Ku kuwa yanzu kuna jera sunaye a waya kuna zaɓe kamar atamfa, tun uwa ba ta sauka ba. Allah dai ya raba lafiya, shi ne farko.

Amma sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnena. A 1963, ina 'yar shekara 12, kakanka wanda ka ci sunansa yana aikin reluwe a Kaduna, ya kai ni makarantar 'yan mata da sistoci 'yan Ailan ke riƙe da ita. Dangi sun yi ta surutu, ya toshe kunne. Ranar farko wata doguwar Sista mai tabarau ta buɗe rajista tana kiran suna. Da ta zo kaina ta ce "Rukaya", ba ƙugiyar ƙ, ba nauyin ya. Na yi shiru. Ta sake, na sake yin shiru. A na uku aji ya yi tsit, har ƙarar jirgin ƙasa daga nesa ina ji. Ta taso ta tsaya a gaban bencina, ni kuwa na riga na miƙa wuya ga bulala. Na tattaro ɗan Turancin da nake da shi na ce wannan ba sunana ba ne. Sai ta durƙusa, doguwar mace da farin mayafinta, ta ce in faɗa mata yadda yake. Na ce Ruƙayya. Ta zuba wa bakina ido ta gwada, abin ya fito kamar tari. Ta sake gwadawa, ya ƙi.

Daga nan ta ɗauki alli ta rubuta Siobhán a allo, ta ce mu karanta. Muka haɗa baki muka ce "Si-yo-ba-han". Ta girgiza kai ta ce "Shibon", tana jan ƙarshen, da wani sauti a tsakiya wanda babu shi a bakinmu, sai an ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Ta ce da wannan sunan uwarta ke kiran ta a ƙauyensu na yammacin Ailan, amma a takardun makaranta an mayar da shi na Ingilishi. Ta ba mu labarin kakarta, wadda tana yarinya ake rataya mata ɗan itace a wuya, duk sanda ta yi magana da harshensu sai a yi tsaga ɗaya, da yamma a ƙirga tsagar a biya ta da duka. Tana faɗa ta cire tabarau ta share ido. Tun daga ranar kullum da safe idan ta zo kan sunana sai ta tsaya ta gwada. Sai da hunturu ya shigo, ana dab da hutu, ƙ ɗin ta fito mata sarai, aji gaba ɗaya ya ɗauki tafi. Da na ba kakanka labari ya yi shiru, can ya ce: "Suna linzami ne. Wanda ya tsaya ya koyi yadda ake riƙe naki, ba ya nufin ki da sharri."

Sai da na zama malama na karanta tarihinsu na gane hawayen nan. Ingila ta daɗe tana mulkin su. Makarantun gwamnati da aka buɗe daga 1831 da Ingilishi suke koyarwa. Yunwar da ta fara a 1845, lokacin da dankalinsu ya ruɓe a gona, ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi hijira, kuma yankunan masu harshen ta fi cinyewa. Ó Briain ya koma O'Brien a takarda. A 1893 suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge don ceto abin da ya saura, a 1922 suka samu ƙasarsu. Saoirse ɗin da ka rubuto ma'anarsa 'yanci, kuma a shekarun nan ne aka soma sa wa yara shi. To ka ga idan matarka ta nace a kan rubutun nan mai wuya, ba gayu take yi ba. Kada ka kuskura ka ce mata a sauƙaƙa shi don jin daɗin mutane, an riga an taɓa faɗa wa kakanninta haka.

Kuma rubutun yana da ƙa'idarsa. Harufansu na asali 18 ne, sai suke haɗa biyu su ba da sauti ɗaya, bh da mh su ne wannan na haƙori da leɓe. Suna da ɗan karan da suke ɗorawa a kan wasali, suna ce masa fada. Seán sunan namiji ne, ka cire karan ya koma sean, wato tsoho. Mu ne za mu yi musu dariya? Mu da ƙugiya ɗaya ke raba fada da faɗa, baki da baƙi, kuma kullum kwamfuta tana yanke mana ita a fasfo muna kallo?

Zancen ko dangi za su iya faɗa, ba za su iya ba, kada ka yaudari kanka. Amma wane suna ne bakin Bahaushe ya bari yadda ya same shi? Khadija ta zama Hadiza, ta zama Dije. Muhammadu ya zama Mamman, Ibrahim ya zama Iro, A'isha ta zama Indo. Abin dubawa shi ne inda sunan zai faɗa idan mun lanƙwasa shi. Caoimhe ka ce ma'anarsa mai kyau, mai taushin hali, madalla. Amma a nan Kiba za a ce, tsakaninsa da ƙiba kuwa ƙugiya ce kawai, kuma ka san 'ya'yan 'yan'uwanka idan ta zo hutu. Saoirse zai zama Sirsha, ya zauna lafiya a baki. Ta fuskar addini, abin da malamanmu suka koya mana shi ne ma'ana ta zama mai kyau, don Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza wa wata mai suna Asiya, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Wasu sunayensu daga tsoffin tatsuniyoyi da abin bautarsu na da suka fito, don haka ka bincika asali, ka tambayi limaminku a can.

Sadhbh ne ya hana ni barci. Ka ce "Saib" ake faɗa, ma'anarsa mai daɗi, kuma sunan kakar matarka ce, wadda ta rayu ta mutu takardunta na ɗauke da Sarah. Su ma ashe suna mayar da suna kamar mu, ɗan fari ya ci na kakansa na wajen uba, 'yar fari ta ci na wajen uwa. Inna, kakarka, takan ce sunan da ba shi da mai shi a baya kamar riga ce ba wuya. Wannan yana da mai shi, kuma ina ganin girman hakan.

Sai dai, Babana, a saƙonka gaba ɗaya ba ka ambaci mahaifiyarka ba. Shekara shida ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, yayyenka kuwa 'ya'ya maza suka yi ta haifa, har yau ba a mayar da sunanta ba. Kowa a gidan nan ya zuba ido yana jiran wannan yarinyar, ko da ba wanda zai iya buɗe baki ya faɗa maka. Na san za ka ce takardar haihuwa tana ɗaukar suna biyu. Tana ɗauka. Amma wanne za a faɗa a kunnenta, wanne za a yanka rago a kai, wanne za ta waiwaya idan an kira? Idan na mahaifiyarka ne, kai kanka ba za ka iya furta shi ba, Ummi za ka riƙa cewa, ka kuma yi wa matarka bayanin wannan kunyar tun yanzu don kada ta ɗauka ƙin sunan kake yi. Haƙƙin zaɓe naka ne, kai ne uba. Ku zauna ku biyu, ka ba ta labarin mahaifiyarka kamar yadda ta ba ka na kakarta, ban tsammanin ka taɓa yi.

Rago dai a nan Zariya za a yanka ran kwana bakwai, ko kuna nan ko ba kwa nan, na riga na yi wa baffanka magana. Kafin nan ka sa surukarka ta ɗauki muryarta a waya tana faɗin sunayen nan uku, kowanne sau uku, a hankali, ka turo mini. Ina so in fara gwadawa tun yanzu. Ka gaida maiɗakin naka, ka ce ta rage hawa bene.

Gwaggonka