Abin da ya sa boko da Larabcinmu suke kama da juna

Yaya, ka tambaye ni me ya sa duk sanarwar da ƙungiyarmu take fitarwa haruffanta sumul suke, ba kwalliya, kuma boko da Larabcin sai ka ce hannu ɗaya ne ya rubuta su. Da gangan muke yi. Mu da muka daɗe a ƙasar Larabawa, 'ya'yanmu da Larabci suka fara karatu, iyaye da yawa kuwa boko ya fi musu sauƙi. Takarda ɗaya ce za ta je hannun kowa, shi ya sa ba ma so wani rubutun ya danne wani.

Irin wannan salo da da'ira da miƙaƙƙen layi ake gina shi. Dubi harafin o, zagaye yake cif, shi kuwa l sanda ce kawai, ba 'yar ƙafa a ƙasa. Futura, wanda Paul Renner ya zana a Jamus ya fito a 1927, shi ne ya yi fice a kansa. Wahalar tana wajen yi masa abokin tafiya na Larabci, domin Larabci daga dama yake farawa, haruffansa a haɗe suke, kuma ba shi da babban baƙi da ƙarami. Dole mai zane ya daidaita kaurin layi da tsayi, har alif ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da l. Yawanci rubutun Kufi masu zane suke komawa, tunda dama can a miƙe yake, mai kusurwa. Haka Mohamed Gaber ya yi da salon haruffan da ya zana mai suna Cairo, wanda muke yawan amfani da shi. Indiyawa ma suna da Poppins, mai ɗauke da boko da Devanagari, rubutun da ake rubuta harshen Hindi da shi.

Amma kafin mu amince da kowane salo, sai mun buga ƙ, ɗ da ɓ mun gani. Da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, ka ga ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri. Wallahi abin yana ɓata min rai, don sunan mutum ne ake gurguntawa. Idan haka ta faru, Noto Sans na Google muke ɗauka.

Aya da hadisi kam ba ma sa su a wannan salo. Dattawanmu sun fi natsuwa da Naskhi, rubutun da aka saba gani a littattafan Larabci, wasulla su fito sarai, ni ma ina bayansu. In ajami ne, salon Alkalami na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL muke nema, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na Kano.