Dandamalin intalok mai zagaye a bayan gida: wai gaske ne ruwan sama ke danne ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Gombe, gidana na Tunfure. Inaso in yi wa mahaifiyata wurin zama mai zagaye da intalok a bayan gida, faɗinsa kamar mita 4, saboda ƙafa na damunta kuma da damina wajen caɓi yake yi. Abin da ke tsorata ni, maƙwabcina ya yi nasa bara, damina ɗaya ya lotsa, yanzu ruwa na kwanciya jikin bangon ɗakinsa. Birkilan da na kira ya ce ba sai an yi dabe ba, a baza yashi da kauri a jera kawai, ruwan sama zai danne shi da kansa. In yarda?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Kar ka yarda, kuma in bai sauya magana ba ka sallame shi tun kafin tifa ta sauke yashi.

Lissafin ba wuya. Zagaye mai faɗin mita 4 ya kai murabba'in mita 12.6, in da intalok mai santimita 20 da 10 za ka yi, guda 50 ke cin murabba'in mita ɗaya, kaga wajen 630 kenan, ka sayi 700 saboda zagaye akwai yanka da ɓarna. Mai kaurin santimita 6 ya isa tunda mota ba za ta hau ba. A kafa ƙarfe a tsakiya, a ɗaura igiya mita 2 da ɗan ƙari, a zaga a shata. Kar a cire ƙarfen nan sai an gama aiki, duk awo daga gare shi yake tashi.

Toh, maganar ruwan sama. Wallahi kusan kullum sai na ji ta a wajen aiki kuma har yanzu tana ɓata min rai. Eh ruwa na danne ƙasa, amma yaushe, kuma ta ina? Yana danne ta ne bayan ka gama jera intalok ɗinka ka biya kuɗi, kuma ba daidai yake dannewa ba, inda aka taɓa haƙa ramin kwaɓa ko aka binne shara ko bututu ya wuce nan zai fara nutsewa, gefen da ke da tauri ya tsaya. Da wuri ɗaya ya lotsa sai ya zama kwano, ruwa ya taru, ya bi ta tsakanin duwatsun ya wanke yashin ƙasa, ramin ya ƙaru. Ruwan Agusta ɗaya ya isa. Mu da muke Gombe ma ai bai kamata a koya mana abin da ruwa ke yi wa ƙasa mai sako-sako ba, kwarurrukan da suka ci gidaje a cikin gari muna ganinsu.

Shi kuma yashi mai kauri da yake cewa, yashi ba harsashi bane, shimfiɗa ce. Santimita 3 zuwa 4 kawai, yashin kogi mai kaushi, ba mai laushin filasta ba. In ya kai tsawon yatsa ko fiye, intalok rawa zai dinga yi a kai. Na taɓa zuwa gyara wani gida, na sa aka ɗaga dutse ɗaya, na tura hannu ƙarƙashin na kusa da shi har wuyan hannuna ya shige, babu komai sai rami da gidan tururuwa, daga sama kuma lafiya lau kake gani. Yanzu ka ƙaddara tsohuwa mai ciwon gwiwa ce ta taka bakin wannan dutsen da asuba za ta alwala. Karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu bane, shi yasa nake zafi.

Abin haushin, iyayenmu mata sun san wannan tun kafin siminti ya zo. In za a yi daɓen ɗaki, burji ake bazawa a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓi su yi ta bugu har sai ƙasa ta daina amsawa, ba wadda ta taɓa cewa a bar wa damina. Yau mutum ya riƙe cokalin gini shekara biyu ya zo yana kawo fatawa, alhali gudun wahalar dabe yake, ko kuɗin hayar inji yake so ya shige aljihunsa.

Ga yadda za ka sa a yi. A haƙe kamar santimita 22 zuwa 25, a kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi duka. In ka tarar da baƙar laka mai tsagewa da rani, irin ta wajen Deba, a ƙara zurfi a fitar da ita, don kumbura take da damina ta tsuke da rani. A dabe ƙasan ramin tukuna. Sannan jar ƙasa mai burji ko fasasshen dutsen kwari (wanda inji ke fasawa) santimita 12 zuwa 15, amma ba a juye ta lokaci ɗaya ba, in da inji ne hawa biyu, in da hannu ne hawa uku, kowane hawa a yayyafa ruwa a dabe. Ka damƙi ƙasar a hannu, in ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ruwan ya yi. In ka taka da dunduniya ka ga shaida, ba a gama ba.

Gangara a wannan matakin ake fitar da ita, ba da yashi ba. Santimita 2 a kowace mita, wato daga gefen ɗaki zuwa ɗaya bakin ya sauka santimita 8, ya nufi magudana. Saman intalok kuma ya zauna aƙalla santimita 15 ƙasa da difisin ginin (DPC, wato layin da ke hana danshi hawa bango). Abin da ya sami maƙwabcinka kenan a ganina, babu dabe, babu gangara. Kuma ka tabbata ba kan tsohuwar shadda ko rijiyar da aka cike za ka ɗora ba.

Jeren kansa, in ka ce zobe-zobe daga tsakiya, dogon dutse zai bar baki a buɗe a zoben ciki, sai an yi ta yanka rabi-rabi. Ni na fi son a jera a miƙe irin saƙar tabarma, a yanke baki da giranda, a zagaye da zobe ɗaya mai wani launi. Bakin nan dole a riƙe shi da kankare ta waje, mita 12.6 ne duka, in ba haka ba zai dinga bajewa. A share busasshen yashi cikin tsagogi, a sake bi da inji a hankali, a ƙara yashi.

Kafin ka biya cikon kuɗi, ka sa yaro ya kwara bokiti biyar a gefen ɗaki kana tsaye. In ruwan ya gudu waje, ka biya. In ya tsaya ko ya juyo bango, a ɗaga a gyara a kuɗinsa, kuma wannan sharaɗin tun ranar ciniki za ka faɗa masa gaban shaida.