Yaro Ya Buge Mai Keke da Motar Gida: Wa Doka Za Ta Kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 16 ya roƙe ni makullin mota wai zai kai ta wanki, na ba shi. A hanya ya buge wani dattijo a kan keke a bakin kasuwa, dattijon ya karye a cinya, yanzu haka yana asibiti. 'Yan sanda sun riƙe motar, sun ba ni belin yaron. Shin ɗaure shi za a yi? Ni kuma ina da laifi? — Wani uba daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba dattijon lafiya, ya kiyaye na gaba.

Tun kafin ya taɓa mai keken yaronka ya riga ya karya doka, domin a Najeriya ba a ba da lasisin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18. Ɗan shekara 16 ko takardar koyon tuƙi ba za a ba shi ba. Wannan shi ne ƙaramin laifin. Babban shi ne yadda ya yi tuƙin. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta tanadi tarar naira 50,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun, ga wanda ya yi tuƙin ganganci. Idan rai ya salwanta, ɗaurin yana iya kaiwa shekara bakwai. Saboda haka halin da dattijon yake ciki a asibiti shi zai nuna inda maganar za ta dosa.

Ƙuruciya ba za ta wanke shi ba. Kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wato Penal Code, ya ɗauke laifi ne ga wanda bai kai shekara 7 ba, da wanda bai kai 12 ba idan hankalinsa bai kai ya gane abin da ya aikata ba. Abin da shekarunsa za su canza shi ne irin kotun da irin hukuncin. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohi suka yi tasu a kan tsarinta, ta ce a yi wa wanda bai kai 18 ba shari'a a kotun iyali, ba a bainar jama'a ba, ba a buga sunansa a jarida, ba a kuma tsare shi tare da manya. Alƙali yana iya sallamarsa da gargaɗi, ko ya sa shi a hannun jami'in walwala na wani lokaci, ko ya sa a biya tara da diyya. Kai yaro gidan horo, irin Bostal na Kakuri a Kaduna, mataki ne na ƙarshe, an fi yin sa ga babban laifi ko ga wanda ya saba maimaitawa. Ka tanadi takardar haihuwarsa tun yanzu. Yaro mai girman jiki da ba shi da takarda, sau da yawa akan rubuta shi a matsayin babba tun daga caji ofis, gyara wannan kuwa yana cin lokaci.

Sai kai kuma, Alhaji, kuma gaskiya nan ne nauyin yake. Kai ka miƙa makulli kana sane ba shi da lasisi. Ana iya tuhumarka a kan wannan, kotun yara kuma tana da ikon ɗora tarar da diyyar a kan uba idan ta ga sakacinsa ya taimaka. Dattijon ma yana da damar kai ka ƙara ta neman haƙƙinsa. Kada ka sa rai ga inshora. Inshorar dole ta naira 15,000 da masu motocin gida ke biya tun Janairun 2023 an yi ta ne daidai don irin wannan rana, amma sharaɗinta shi ne mai lasisi ne ke tuƙi, shi ya sa kamfani yakan zame idan ya ji shekarun direban. Duk da haka ka sanar da su a rubuce cikin gaggawa.

Abu ɗaya muke roƙonka kada ka yi: kada ka sauya direba a bakin 'yan sanda, ka ce kai ne ko direbanka ne a kan sitiyari. Bakin kasuwa ne, idanu da yawa sun gani, ƙaryar kuma sabon laifi ce da ta fi na farko wuyar fita. Ka bar jami'an duba lafiyar motoci, wato VIO, su duba birki da tayoyi su rubuta rahotonsu, ka riƙa biyan kuɗin magani kana karɓar rasit, ka nemi lauya kafin yaron ya sake yin wani bayani, kuma ko da zai yi, a gabanka.

Tambaya: Yayana yana kai burodi shaguna a keke. Wasu samari suna guje-guje da mota a wajen biki, ɗaya ya take shi, ya karye a hannu, haƙora biyu sun fita. Iyayen yaron sun zo da dattawan unguwa da naira 150,000 da wata takarda wai mu sa hannu mun yafe. Mu karɓa? — Wata ƙanwa daga Zariya

Amsa: Malama, sulhu alheri ne, amma ba a sulhu a kan raunin da bai warke ba. Ku karɓi kuɗin a matsayin na magani, a rubuta haka ƙarara, a bar takardar yafiya tukuna. Karayar hannu tana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ta haɗe, wani lokaci ta haɗe a karkace sai an sake aiki an sa ƙarfe. Idan kun sa hannu yau, gobe likita ya ce hannun ba zai ƙara riƙe kan keke ba, takardar nan ce za a fito muku da ita. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ma haka suka tsara: ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari.

Tunda Zariya kuke, kuna da hanya biyu. A kotun Musulunci an san ƙimar gaɓoɓi. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinare. Kowane haƙori raƙumi biyar ne, wato haƙoran yayanki biyu kaɗai sun kai kashi ɗaya cikin goma na cikakkiyar diyya, ki auna wannan da abin da aka kawo muku. Hannun da ya shanye gaba ɗaya rabin diyya ne. Idan ya warke da nakasa kaɗan, alƙali ne zai ƙiyasta. Kasancewar direban yaro ba ya kayar da diyya. A babbar kotu kuwa ana lissafa kuɗin asibiti, da cinikin da ya rasa a kwanakin jinya, da gyaran keken, da wahalar da ya sha.

Ko wacce kuka bi, takardu ne za su yi muku magana: rahoton likita, hoton ƙashi, rasit na kowane magani ko da na naira 500 ne, lambar motar, zanen wurin haɗari da 'yan sandan sashen motoci suka yi, da sunayen mutum biyu da suka gani. Ku ɗauki hoton keken yadda yake, da lanƙwasasshen gargarensa, kafin a kai wa mai gyara. Kada ku yi jinkiri, domin dokar jiha ta sa wa irin wannan ƙara wa'adi. Idan ba ku da halin ɗaukar lauya, ku je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Ku kuma sani cewa yafiyarku haƙƙinku kawai take shafa. Tuhumar tuƙin ganganci ta hukuma ce, mai gabatar da ƙara da kotu ne ke da ta cewa a kanta.

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 17 ya buge mai keke da dare, mai keken ba fitila kuma ya biyo hannun da ba nasa ba. Jama'a suka taso, yaron ya gudu. Yanzu me ya kamata? — Wani yaya daga Katsina

Amsa: Malam, ka kai shi ofishin 'yan sanda mafi kusa yau ɗin nan, kai da motar. Doka ta wajabta wa direba ya tsaya, ya kuma kai rahoto cikin awa 24. Wanda ya guje wa duka ya zarce caji ofis yana da hujja, wanda ya ɓuya a gida har aka zo aka kamo shi ya ƙara wa kansa laifi. Rashin fitila da bin hannun da ba daidai ba za su iya rage diyyar da za a biya mai keken gwargwadon nasa sakacin, amma ba za su goge tuƙi ba lasisi ba. Kada a wanke motar ko a kai ta gareji kafin a duba ta, domin gurbin da keken ya bari a jikinta shi zai nuna ta wane ɓangare ya fito.