Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: A Daina Maganin Zuciya Idan Awo Ya Daidaita?

Tambaya: Likita, don ƙaiƙayi nake shan Piriton, me ya sa yake sa ni barci?

Amsa: Sinadarin histamin da ke sa ƙaiƙayi a fata shi ne kuma ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta zauna a farke, maganin kuwa duka biyun yake tarewa. Kada ka tuƙa mota bayan ka sha. Idan ƙaiƙayin ya ƙi tafiya, ka je asibiti.

Tambaya: Shekara uku mahaifina yana shan propranolol saboda hawan jini da ciwon ƙirji. Yanzu awonsa ya daidaita, ana ta ce masa ya daina kada jikinsa ya saba. Mu bar shi ya daina?

Amsa: Don Allah 'yar'uwa, kada ya daina. Wannan magana ta "kada jiki ya saba" tana ba ni takaici ƙwarai, domin masu faɗinta ba su ne za su kwana a gadon asibiti ba.

Bari in yi miki bayani. Ƙwayoyin halittar zuciya suna da wasu ƙananan makarɓan saƙo a bayansu, ki ɗauke su kamar kunnuwa. Idan mutum ya firgita ko ya yi gudu, sinadarin adrenalin ya zo ya yi musu magana, sai zuciya ta ƙara bugu da ƙarfi. Propranolol, wanda masani James Black ɗan Birtaniya ya samar a farkon shekarun 1960, toshe waɗannan kunnuwa yake yi don zuciya ta huta. Aikin nan yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1988. Daga baya Robert Lefkowitz da Brian Kobilka a Amurka suka bi diddigin makarɓan har aka san ƙirarsu da yadda suke miƙa saƙo cikin ƙwayar halitta, su ma suka samu Nobel a 2012. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da muke rubutawa ta irin waɗannan makarɓa suke aiki.

To ga inda haɗarin yake. Idan aka daɗe ana toshe kunnuwan, jiki yakan ƙara yawansu. Ranar da aka yanke maganin kwatsam, sai adrenalin ya tarar da kunnuwa masu yawa a buɗe. Zuciya ta kama bugu da sauri, jini ya hau, ciwon ƙirji ya dawo, wani ma har ya kai ga bugun zuciya. Awon da kika ga ya daidaita, maganin ne ya daidaita shi. Idan akwai dalilin ragewa, likitansa ne zai rage a hankali cikin makonni yana duba shi. In ma ya riga ya daina, ku kai shi asibiti yau, kada ku jira gobe. Ciwon ƙirji, gumi ko ƙarancin numfashi kuwa, a tafi nan take ko da tsakar dare ne.

Kuma kada ya ba kowa nasa. Mai asma idan ya sha propranolol hanyar numfashinsa na iya tsukewa, domin huhu ma yana da irin waɗannan makarɓa.

Tambaya: Tiramadol ɗaya ya daina yi mini aikin ciwon baya. In ƙara zuwa biyu?

Amsa: A'a. Makarɓan da tiramadol ke aiki a kansu sun fara dushewa ne, kuma ƙari yana jawo farfaɗiya, tsayawar numfashi da kamuwa da jarabar shansa. Ka je likita ya binciki bayan, shi zai tsara maka yadda za ka rage.

Tambaya: Ɗana yana shaƙa salbutamol, maganin buɗe hanyar numfashi na masu asma, kusan kullum, lafiya?

Amsa: Ba lafiya ba, asmarsa ba ta kwanta ba ke nan. Ki kai shi asibiti cikin makon nan a duba ko yana buƙatar maganin kariya na kullum.