Ba Masaka Tsinke, da Sauran Kalmomin 'Yan Kallo

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan makon, kuma kamar an haɗa baki, duk a kan kallon guje-guje da tsalle-tsalle suka tsaya.

Ta farko daga wani mai gidan kallo ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ranar da babu ƙwallo nakan kunna wa samari tsofaffin gasar guje-guje. Da muka ga yadda filin Landan ya cika a Olamfik ta 2012 sai na ce ba masaka tsinke. Wani ɗan sakandare ya ce na yi kuskure, masaƙa ake cewa. Wa ke da gaskiya? Sannan in fili ya zama babu kowa, me Bahaushe ke cewa?"

Kai ne da gaskiya, ɗana, amma kada ka yi wa yaron dariya, don manya ma na gani suna rubuta shi da ƙ mai lanƙwasa. Kalmar daga saka ta fito, sa abu a wuri. Masaka, wurin sakawa ke nan, kamar yadda ajiye ta haifi ma'ajiya, tsaya ta haifi matsaya. Masaƙa kuwa wurin saƙa ce, tana can da zare da ƙoshiya, ba ruwanta da tsinke. Abin da ake nufi shi ne jama'a ta matsu har in ka zo da tsinke, mafi sirantar abin da hannu ke riƙewa, ba za ka sami inda za ka soka shi ba.

Kuma a wurinta ka faɗe ta. Daren 4 ga Agusta 2012, mutum wajen 80,000 ne a filin, 'yan Birtaniya uku, Jessica Ennis da Greg Rutherford da Mo Farah, suka ci zinare cikin ƙasa da awa guda. Wanda ya fi wannan shi ne na birnin Sidni a Ostireliya, ranar 25 ga Satumba 2000, lokacin da 'yar ƙasar, Cathy Freeman, ta ci tseren mita 400 a gaban mutum 112,524. Irin wannan ne ake cewa fili ya cika maƙil, ko ya cika ya batse. Batsewa daga awo aka aro ta: mudu ya cika har hatsi na zuba ta baki.

Kishiyarsa kuwa, sai ka ce fili wayam, ko fayau. Ni a kunnena akwai ɗan bambanci. Wayam na ɗauke da mamaki: ka zo kana sa ran tarar da mutane, ka ga wayam. Fayau sarari ne kawai, ko gonar da aka girbe fayau take.

Misalan biyu duk sun faru a zamaninmu. A gasar duniya ta 2019 a Doha ta ƙasar Katar, filin Khalifa har na'urar sanyaya iska gare shi, an lulluɓe kujerun sama don kada rashin jama'a ya fito fili, amma duk da haka daren da Shelly-Ann Fraser-Pryce ta Jamaika ta ci mita 100, ta zagaya da ɗanta a hannu tana gaida kujeru, 'yan tsirarun da suka zo ma sun fara watsewa saboda dare ya yi. Wannan wayam ne. Na Olamfik ɗin Tokyo da aka yi a 2021, hukuma ce ta hana shiga saboda annobar korona, kowa ya san ba wanda zai zo. Wannan fayau ne.

Ga wani abu da zai yi maka daɗi. A Dohar nan dai, daren da ɗan ƙasar, Mutaz Barshim, ya ci zinare a tsallen sama, filin ya cika yana girgiza. Ba sanyin na'ura ya kawo su ba, nasu ne a fage. Da ɗan gari akan ci gari. Kai ma ka san haka daga damben kaka: in baƙi biyu ne za su kara, tsofaffi ba sa barin gindin bishiya, amma a ce ɗan Sarkin Fawa zai ɗaura zare, har masu jego sai sun leƙo ta kan danga.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin firamare ce a yankin Sumaila. Tambayarsa ta fi ta farko nauyi: "Malam, shin ɗan kallo zagi ne? Na kai ɗalibaina gasar makarantu, wani ya ce mu 'yan kallo ne kawai, raina ya ɓaci."

Malam, abin da ya ɓata maka rai shi ne "kawai" ɗin, ba kallon ba. Gaskiya ne kalmar ta sami fuska ta biyu, musamman a bakin 'yan siyasa: an mai da mu 'yan kallo, ma'ana ana yi ba da mu ba. Amma asalinta ba raini a ciki. Bahaushe ya raba gani da duba da kallo. Gani faɗo maka yake yi, ko ba ka so. Dubawa nema ce ko bincike, shi ya sa likita duba marar lafiya yake yi, ba kallonsa ba. Kallo kuwa zama ne da niyya: ka bar aikinka, ka ba wa abu idonka da lokacinka. Shi ya sa muke cewa wane ya ba da kallo, kamar kyauta ce ya miƙa, mu kuma mu ce mun je mun kashe kwarkwatar ido.

A fagen gargajiya ɗan kallo ma'aikaci ne. Shi ne katangar fage, don jikin jama'a ne ke zana da'irar da ake kokawa a ciki. Shi ne shaida in an yi kisa a dambe. Shi ke liƙa wa makaɗi kuɗi don ya ƙara zuga. Cire shi, sai wasa ya koma faɗa tsakanin mutum biyu a bayan gari.

A filin guje-guje ma haka abin yake. Lura da mai dogon tsalle kafin ya taso: zai juya ga jama'a ya ɗaga hannu sama yana tafi a hankali, su amsa, tafin na ƙara sauri yana ƙara gudu har ya taka katako ya tashi. Kiɗa yake roƙo, ba kalangu a wurin sai tafin hannun jama'a. Ese Brume tamu ta Najeriya ta ci tagulla a dogon tsalle a Doha, ta sake ci a Tokyo, a filin da masu yi mata wannan kiɗan ba su da yawa, kuma ni wannan yana ƙara mata daraja a idona. Har shirun 'yan kallo aiki ne. In an ce 'yan mita 100 su durƙusa, dubban mutane sai su yi tsit, saboda wanda ya motsa kafin ƙarar bindiga an kore shi, kamar yadda aka kori Usain Bolt kansa, zakaran gudu na Jamaika, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu a 2011. Tsit na ce, ban ce jugum ba. Jugum shirun baƙin ciki ne, shi ne abin da ya biyo bayan korar.

Wanda za ka guje wa a kira ka da shi shi ne ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa, wanda bai san me ake yi ba, ya ga ana tafiya ya bi. In an cika fili da irinsu don hoto ya yi kyau, taron tsintsiya ne ba shara.

Ta uku wata ɗaliba ce daga Gwaram. Tana so in raba mata sowa da shewa da guɗa da eho, sannan ta ce ta ji ana cewa gudun yada-ƙanin-wani a rediyo, ba ta gane ba.

'Yata, sowa ta taro ce, ta murna, maza da mata a haɗe. Ita aka yi a birnin Yujin na Amurka a 2022 da Tobi Amusan tamu ta Najeriya ta kafa tarihin duniya a tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12. Guɗa ta mata ce, mutum ɗaya ke rangaɗa ta, ta biki da haihuwa da dawowar jarumi. Shewa ma ta mata ce, dariya mai tsawo da tafa hannu, amma ki yi hattara da ita, sau da yawa da habaici a cikinta. Eho kuwa tozartawa ce tsantsa. Shi mutanen Landan suka yi wa Justin Gatlin ɗan Amurka a 2017 da ya ci mita 100 Bolt ya zo na uku, saboda an taɓa dakatar da shi kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Na ga masu rubuta "jama'a sun yi ihu" a duk waɗannan wuraren. Ba kuskure ba ne, lalaci ne, don ihu ko ɓarawo ana yi masa.

Yada-ƙanin-wani shi ne dogon gudun nan na kilomita 42 da ɗoriya, wasu su ce famfalaki. Yada a nan yar da ce, kamar ka ce ya yada kara. Ki tuna yadda yara ke rugawa kallon sukuwa ranar sallah, ƙanana na biye da manya. Tafiya in ta yi tafiya, kowa ƙaninsa kaɗai zai tsaya ya ɗauka, ƙanin wani sai dai a baro shi a hanya yana kuka. A Dohar da na ambata, da tsakar dare aka yi na mata a bakin teku don gudun zafi, amma duk da haka cikin 68 da suka tashi, 40 ne suka kai ƙarshe.