Amsa: Alaƙar kalmar gunki a Ibrananci da Akkadiyanci

Malam, ka tambaya ko kalmomin da Ibrananci ke kiran gunki da su suna da 'yan'uwa a Akkadiyanci, harshen Babila da Assuriya. Suna da su, kuma wadda ta fi fitowa fili ita ce ṣelem, wadda Akkadawa ke cewa ṣalmu, wato siffa ko mutum-mutumin abin bauta ko na sarki. Masana da dama suna danganta ṣanam ta Larabci, wato gunki, da wannan tushe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutum-mutumin da aka tono a Tell Fekheriye ta Siriya a 1979, mai rubutun Akkadiyanci da Aramiyanci, domin ɓangaren Aramiyancin ya haɗa ṣlm (wato ṣelem ɗin nan, siffa) da dmwt (kamanni), kalmomi biyun da ayar Farawa 1:26 ta Littafi Mai Tsarki ta yi amfani da su kan halittar mutum.

Akwai kuma kalmar Ibrananci mesukkan a littafin Ishaya 40:20, wadda ta daɗe tana wahalar da masu fassara, har aka kwatanta ta da musukkannu, wani itace mai tsada da Akkadawa suka sani, kuma a ganina ma'anar ta zauna daidai, tunda ayar tana maganar itacen da ba ya ruɓewa da ake sassaƙa gunki da shi.